Kantin da Ya Yi Kewar Mijina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Aika Sanarwa,
na babban kantin nan na intanet mai sayar da kayan gida,
a duk benen da ofishinsa yake a Belgrade.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka da injin da ke aiko mana da saƙonninku. Shi kam na tabbata lafiyarsa ƙalau, domin ban taɓa ganin ya yi fashin ko yini ɗaya ba. Sunana Leposava, matar Tihomir, daga garin Vlasotince. Ba sai na gabatar maka da mijina ba, ka san shi, tunda kullum kana kiran sunansa. Ni ce dai ba ka sani ba, ni ce wadda ke tsaye a bayansa da ludayi a hannu. Ban kama sunan kantinku a wannan takarda ba, ba kuwa don tsoro ba, sai don na ga kun ishi kanku talla, ba ku da bukatar taimakon tsohuwa.

Bari in tuna maka yadda aka yi muka saba. Ɗanmu Vukan, da ke aiki a Nish, ya bar mana tsohuwar kwamfutarsa don mu riƙa ganin fuskarsa idan ya kira. A watan Agusta Tihomir ya shiga kantinku neman murafan kwalba. Ko murafan bai gani ba sai ga wani ɗan akwati ya leƙo daga saman allo, wai kantin nan yana neman izini ya riƙa aiko maka da sanarwa, ka amince ko ka toshe. Na ce masa ya toshe. Ya waiwayo ya dube ni kamar na ce ya saki kare a kan limamin coci.

"Ke Lepa, mutum ya yi sallama a ƙofarki, sai ki ce masa toshe? A gidan wa aka koya miki wannan?"

Ya danna amincewa da ɗan yatsansa ɗaya, ya gyara zama kamar ya yi aikin lada. Ranka ya daɗe, kai ma ɗan ƙasar nan ne, kuma ko Belgrade ta mantar da kai komai, ba na jin ta mantar da kai dokar slava, ranar da kowane gida ke bikin waliyyinsa. Wanda aka gayyata sau ɗaya an gayyace shi har abada. Ba a sake kiransa, ba a kuma janye gayyatar. To, a wurin mijina wannan dannawar gayyatar slava ce, kuma duk lokacin da na ce a cire ku, sai ya karanto mini dokar kamar shi ya rubuta ta.

Ni kuma sai in tuna masa da Milisav.

Dole in gaya maka ko wane ne Milisav, domin in ba ka san shi ba, ba za ka san girman abin da kuka taka ba. Milisav kum ɗinmu ne. Ubansa ne ya tsaya wa uban Tihomir ranar aure, shi ya tsaya mana a namu, shi kuma ya riƙe Vukan a coci ya raɗa masa suna. Ka san a wurinmu ɗan'uwa ma yana bayan kum. 'Yan shekarun baya, a teburin slava, a gaban baƙi, ya ɗanɗani ajvar ɗina, miyar gasasshen tattasan da nake durawa a kwalba saboda sanyi, ya ce cikin dariya wai kamar na kanti. Ni da aka zaga na ci gaba da raba abinci, ko da yake na ji maganar har cikin ƙashina. Tihomir kuwa, da barasarsa ta gida ta riga ta hau masa kai, ya miƙe ya ce duk wanda abincin gidan nan bai yi masa ba ai ya san inda ƙofa take. Milisav ya nuna ya sani.

Tun ranar bai sake tako mana gida ba. Tihomir ya ce shi ba zai sake gayyatarsa ba, gayyatar farko tana nan daram, kuma sake kira tamkar ya amsa cewa ya janye ta ne. Wai shi bai kori kowa ba, ya dai faɗi inda ƙofa take. Milisav ya ce shi ba ya komawa gidan da aka nuna masa ƙofa. Kowa da hujjarsa mai kyau, kujera kuwa ba kowa a kai. Kowace shekara ina ajiye masa faranti, kowace shekara in ɗauke shi ba abin wankewa.

Bana kuma sai matar Vukan ta samu ciki. Ɗan namu ya kira ya faɗa mana ba tare da kwana-kwana ba: in slava ta zo ta wuce tsofaffin nan biyu ba su shirya ba, zai roƙi wani abokin aikinsa a Nish ya zama kum, ya riƙe abin da aka haifa, ya raɗa masa suna. Wato zumuncin da ya fito tun daga kakanni zai yanke a hannunmu, saboda cokali ɗaya na tattasai. Wannan shi ne abin da ke cin raina tun bazara, kuma a kan wannan gyambon ne kuka zo kuna ta ƙwanƙwasa mana allo. Yanzu ga koke-kokena, cikin ladabi.

Na farko. An ce baƙo raɓa ne, ku kuwa kun zama damina. Baƙon slava sau ɗaya yake zuwa a shekara, da ƙullin kofi da kwalba a hannu, ya ci, ya sha, ya yabi mai girki ko da ƙarya ne, ya tafi. Ku kuna zuwa da safe kafin in ɗora kofi, ku dawo da rana, ku leƙo da yamma, hannu rabbana, ba ko gaisuwa, sai dai "ƙiling" a kusurwar allo. Shin a Belgrade haka ake ziyara yanzu? In haka ne, ina yi wa iyayenku mata jaje.

Na biyu, kuma wannan don tausayinku nake faɗa. Tun watan Agusta kuke sanar da mijina cewa murafan kwalba saura biyu kacal. Yau ga sanyi ya shigo, har yanzu saura biyun nan. Ranka ya daɗe, me murafan nan biyu suka yi wa jama'ar ƙasar nan da ba wanda ya yarda ya saye su? Haka kuma rangwamenku, kullum yau zai ƙare, kullum gobe yana nan da ransa. Kakata ma haka ta riƙa yi mana bankwana duk shekara, amma ita aƙalla daga baya ta cika alkawari. Sai kuma abin da kuka ce kun zaɓo wa Tihomir musamman, bayan injinku ya yi nazarin halinsa: na'urar busar da gashi. Ina gayyatar injin naku ya zo ya dubi kan mijina, in ya samu abin busarwa, ni zan biya.

Na uku shi ne wanda har yanzu ban yafe ba. Ka san, ko mahaifiyarka ta sani, ajvar ba ya son a bar shi. An gasa tattasai, an ɓare, an niƙa, an zuba a ƙatuwar tukunya a tsakar gida, daga nan wanda ya riƙe muciya ba ya sakinta ko coci ta kama wuta. Ranar da muka yi namu matar Vukan tana kan gwiwa a asibiti, don haka muka ajiye kwamfutar a bakin taga, muna jiran saƙo. Ina ciki ina wanke kwalabe, Tihomir yana kan muciya, sai "ƙiling". Tsohon nan da ke ce mini gwiwarsa ba ta barinsa ya ɗebo itace, ya tsallake kwandon tattasai kamar ɗan akuya. Ya isa taga yana haki, yana tambayar allo mace ce ko namiji. Silifas ne, ranka ya daɗe. Silifas na cikin ɗaki, masu gashi, an yi ragi. Da ya dawo nan take da da sauƙi, amma kun sa hoto, shi kuwa mutum ne mai girmama baƙo, sai ya tsaya ya duba launukan. Ƙauri ne ya fito da ni.

Na kwashe na sama na dura, na bar ƙanzon, amma duk wadda ta taɓa girki ta san ƙauri ba ya zama a gindin tukunya. Aikin kaka guda ya tafi. Jikar tamu ta iso lafiya da yammacin ranar, mace, kuma saƙon zuwanta ya shigo da irin ƙarar da silifas ɗinku ya shigo da ita, a kusurwa ɗaya. Sai da na yi wa Tihomir tsawa kafin ya je ya duba, domin ya ce shi ba ya ƙara tashi. Ina tambaya cikin girmamawa: wa ya ba silifas izinin yin murya ɗaya da jikata?

Na huɗu. A nan ban san ko ƙara nake kawowa ko godiya ba, ka yi haƙuri ka karanta, sai ka yanke da kanka.

Slavarmu ta Mala'ika Mika'ilu ce, a watan Nuwamba. Ana gobe slava yarinya ba ta da suna, sai Beba muke ce mata, wato jaririya, Vukan kuma ya riga ya faɗa wa abokin aikin nasa ya zauna da shiri. Na yi roƙo, na yi kuka, na yi gaba da Tihomir har na daina sa masa sukari a kofi, duk a banza. Da safen nan ina naɗe kabeji a kicin, shi yana zaune gaban kwamfuta ba tabarau, sai "ƙiling". Ban ko ɗaga kai ba. Can na ji shiru ya yi yawa, na leƙo. Yana zaune ya ƙura wa kusurwar allo ido, akwatin ya riga ya ɓace, amma ni na hango shi kafin ya tafi. Da manyan baƙaƙe kun rubuta: "Mun yi kewarka. Wurinka yana nan, mun ajiye maka. Ka dawo." Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙen da sai mai ƙuruciyar ido, akwai zancen ragin kaskon suya.

Ya ce, "Lepa, Kum ne."

Na buɗe baki zan ce kasko ne. Ranka ya daɗe, shekaruna da aure sun fi shekarun yawancin ma'aikatanka a duniya, kuma a cikinsu ban taɓa haɗiye maganar da zan faɗa wa mijina ba sai ranar nan. Ya zura kwat, ya ɗauki kwalbar barasarsa, ya fice ba hula. Na ɗauki hular na bi shi, wai don sanyi.

Akwai gada tsakanin unguwarmu da tasu. Muna hawa ta wannan kai, sai ga Milisav yana hawowa ta wancan, kwalba a hammata, ba mayafin wuya. A bayansa ga matarsa Zagorka tana biye da mayafin a hannu, wai ita ma don sanyi. Daga baya ta gaya mini mijinta ya taɓa leƙa kantinku neman ƙugiyar kamun kifi, shi ma an yi masa sallama, shi ma bai iya cewa toshe ba. Ashe a safiyar nan kun yi kewar duk wanda ya daɗe bai sayi komai ba, daga wannan iyakar ƙasar zuwa waccan, a lokaci ɗaya. Allah ya ƙara muku faɗin zuciya.

Suka tsaya a tsakiyar gada, kowa yana kallon ruwa.

"Na ga saƙonka, Kum," in ji Tihomir.

"Ni ma na ga naka."

Nan fa na ga asiri zai tonu, domin kowannensu ya san shi bai aika komai ba. Tihomir ya waiwayo ya dube ni, Milisav ya waiwaya ya dubi Zagorka. Na gane kowa yana zaton matarsa ce ta aika a madadinsa. Ni da Zagorka muka haɗa ido, muka sunkuyar da kai kamar masu laifi, muka bar su da zatonsu.

Milisav ya ce, "Ka tsufa, tsohon banza."

Tihomir ya ce, "Kai kuma yaro ka koma? Gobe da wuri, kada ka sa mu jira ka da burodi."

Shi ke nan sulhun. Ba wanda ya ce yi haƙuri, ba wanda ya ce na yi kuskure. Suka musanya kwalabe, kowa ya juya. Ni na yi kuka a kan gadar nan har Zagorka ta ba ni mayafin mijinta na share ido.

Na biyar, kuma na ƙarshe. Da kun tsaya a nan, da wannan takarda yabo ce zalla. Amma mai hali ba ya barin halinsa. Washegari gida ya cika, an kunna kyandir, an yanka burodi, Vukan da matarsa sun zo da yarinya, Milisav yana kan kujerarsa kusa da Tihomir kamar bai taɓa tashi ba. Na kawo ajvar ɗina mai ƙauri na ajiye, domin ba ni da wani, kuma gara a binne ni da in sayo na kanti in ajiye a gaban mutumin nan. Ya ɗiba, ya tauna, na ga idonsa ya kawo ruwa, ya haɗiye. Kwamfutar kuwa tana buɗe a kan kabad, dab da kafaɗarsu, saboda ƙanwar Tihomir za ta kira daga Jamus ta yi barka. Tihomir da Milisav dukansu da tabarau a fuska, suna duba hotunan jaririya.

Sai "ƙiling".

"Mun yi kewarka. Wurinka yana nan, mun ajiye maka. Ka dawo." Kalma ɗaya ba ku canza ba. Wannan karon har da hoton kaskon, ƙato, yana sheƙi, da sunan kantinku a kai. Ba ku ma ɓace da wuri ba, kuka tsaya kamar baƙon da ke jiran a ba shi kujera. Na tsaya da faranti a hannu, na ce shi ke nan, an gama da mu, yarinyar nan baƙon Nish ne zai raɗa mata suna. Na ga Tihomir ya karanta daga sama har ƙasa. Na ga Milisav ya karanta. Sannan mijina ya miƙa hannu a hankali ya rufe kwamfutar.

"Wani baƙo ne, Kum. Bai san lokacin zuwa ba."

"Na san shi," in ji Milisav. "Yana zuwa gidana ma." Sannan ya dube ni. "Kuma Lepa, miƙo mini ajvar ɗin nan. Wannan kam ba kantin da zai iya yin irinsa."

Ya cika burodinsa da shi, ya cinye tas, da ƙaurin da komai. Ban taɓa jin ƙaryar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba, ko da yake in ka duba ba ƙarya ba ce, ba kantin da zai yarda ya sayar da abu haka. A lokacin na gane tsofaffin nan ba makafi ba ne. Wataƙila tun kan gada suka sani, wataƙila tun a gaban allo. Kowannensu ya daɗe yana neman igiyar da zai kama ya sauko, kuma ba su damu da ko ta wane kanti ce ba.

Wannan shi ne abin da ke ba ni dariya, shi ne kuma ke ba ni haushi. Ku da ba ku san mu ba, ba ku taɓa cin gishirinmu ba, kuna iya cewa kun yi kewar mutum don ku sayar masa da kasko, ba ko kunya. Su kuma da suka yi kewar juna da gaske, har suna ramewa, sai da suka ari bakinku. Ban san wanda ya fi cancantar a ja wa kunne ba tsakaninku da su. Kafin a tashi daga tebur Milisav ya ɗauki yarinya ya ce sunanta Leposava. Matar Vukan ta yi murmushin wadda ta taka ƙaya, domin a wurinta sunan tsofaffi ne, amma kum ya faɗa, magana ta ƙare. Na san ba sunan ya zaɓa ba, haƙuri ya ba ni ta hanyar da ya iya.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga bukatuna. Ina sanar da kai cewa na danna toshe da hannuna. Tihomir yana kallona bai hana ba, ya dai ce shi ba ruwansa, shi bai kori kowa ba. Na ce masa ni ma ban kori kowa ba, na dai nuna inda ƙofa take. Kada ku ɗauki wannan a matsayin rashin kunya, kun ci rabonku na shekara da shekaru a cikin wata uku. Ina kuma roƙo ku riƙa tattalin kalmomin nan naku, kada ku yi ta watsa su kamar tsaba. Akwai gidaje da yawa a ƙasar nan da ke da kujerar da ba kowa a kai, kuma in kuka gama cinye kalmomin a kan kasko, ban san me zai rage musu ba. Na kuma aika kwafin wannan takarda a buga a jarida, amma kada ka damu da cewa mazan namu za su gan ta. Daga shafin ƙwallo suke farawa, su ƙare a na waɗanda suka rasu.

A ƙarshe, a wurinmu baƙo ba ya fita hannu wofi, ko da bai san lokacin tafiya ba. Na ba direban motar Belgrade kwalbar ajvar ɗaya ya kawo maka ofis. Daga tukunyar nan ce da kuka taya mu girkawa, kuma na kankaro maka daga can ƙasa, inda hannunku ya fi fitowa. Murfin tsoho ne, ka yi haƙuri, naku biyun nan ban so in raba su ba. Ka ci a gaban ma'aikatanka, ka kuma ce ya yi daɗi. In ka iya wannan, to ka fara zama baƙon kirki.

Taka mai biyayya, wadda ba ta yi kewarka ba tukuna,

Leposava, matar Tihomir,
kakar Leposava ƙarama,
Vlasotince.